Ranar da George Harrison ya fasa rumbu: yadda aka ɗauki faifan All Things Must Pass

A ƙarshen watan Mayun 1970, a situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan, wasu makaɗa suka gama buga wata waƙa mai suna "Wah-Wah". Suka jingine kayan kiɗa, suka ɗunguma zuwa ɗakin injiniyoyi don su ji abin da na'ura ta kama. Da aka kunna, sai ganguna suka fito kamar a cikin kogo ake dukansu, jita ta hau kan jita, komai yana amsa kuwwa. Mai waƙar, George Harrison, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya yamutsa fuska, ya ce shi kam wannan abu bai yi masa ba. Amininsa Eric Clapton, wanda suka kaɗa jitar tare, ya ce shi kuwa ta burge shi. Harrison ya ce to ga ta nan, ya ɗauka ya sa a nasa faifan. Harrison ne da bakinsa ya ba da wannan labari bayan shekara talatin, ya ƙara da cewa a hankali kunnensa ya saba, har ya zo yana son ta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne bai ce a goge ba. Waƙarsa ce, faifansa ne, kamfanin Apple da zai fitar da shi ma yana da kaso a ciki, amma ya bar ta yadda Phil Spector, mai haɗa sautin da ya ɗauko, ya so ta. Wanda ya gane dalilin wannan shirun ya gane rabin yadda aka yi All Things Must Pass.

Rumbu ya cika

An haifi Harrison a Liverpool ranar 25 ga Fabrairun 1943, shi ne ɗan autan ƙungiyar Beatles kuma mai jan jitarta. Zaman ɗan auta a gidan da John Lennon da Paul McCartney ke rubuta waƙa ba zaman daɗi ba ne. A yawancin faya-fayan ƙungiyar, gurbi ɗaya ko biyu ake bar masa. A Revolver na 1966 ya samu uku, a faifansu mai tagwaye na 1968 da ake kira White Album ya samu huɗu. Duk tsawon rayuwar ƙungiyar, waƙoƙinsa 22 kacal suka fita. Shi kuwa bai fasa rubutu ba, sai tarawa yake yi.

"Isn't It a Pity" tun 1966 take ajiye, haka ma "Art of Dying". A watan Janairun 1969 ya kawo wa 'yan uwansa "All Things Must Pass" da "Let It Down" da "Hear Me Lord". Aka ɗan taɓa su sama-sama, aka wuce. Ranar 10 ga watan, a ɗakin ɗaukar fim na Twickenham, tura ta kai bango, ya saɓa jitarsa ya fice. Da ya isa gida a wannan ranar ya rubuta "Wah-Wah". Sunan na wata 'yar na'ura ce da mai jita ke takawa da ƙafa don sautin ya riƙa lanƙwasa kamar kukan jariri, amma shi ciwon kai yake nufi, ciwon kan da abokan aikinsa suka sa masa. Ya dawo bayan 'yan kwanaki, har ya ba su "Something" da "Here Comes the Sun" a faifan Abbey Road, waɗanda suka rufe bakin duk mai raina alƙalaminsa. Sai dai zuciyarsa ta riga ta leƙa waje.

A wajen kuwa ana girmama shi. A ƙarshen 1968 ya sauka a gidan mawaƙi Bob Dylan a yankin Woodstock na Amurka, suka rubuta "I'd Have You Anytime" tare. A watan Disambar 1969 ya bi ayarin mawaƙan Amurka Delaney da Bonnie Bramlett yawon wasa a Ingila da ƙasashen arewacin Turai, yana tsaye can baya a dandamali, ba wanda ya dame shi. A wannan tafiya abu biyu suka same shi. Delaney ya miƙa masa ɗan bututun da ake zura wa yatsa a riƙa goga shi a kan tsirkiyar jita, abin da suke kira silaid, ya ce ya gwada. Sannan a Copenhagen ya fara haɗa "My Sweet Lord", bayan waƙar coci ta "Oh Happy Day" ta mawaƙan Edwin Hawkins ta shiga ransa.

Ranar 10 ga Afrilun 1970 labari ya bazu cewa McCartney ya bar Beatles, kowa ya kama gabansa. Harrison na da shekara 27, ya tare a wani tsohon katafaren gida mai suna Friar Park a Henley-on-Thames, kuma waƙoƙin da ke hannunsa sun fi ƙarfin faifai ɗaya. Ya taɓa fitar da faya-fayai biyu da sunansa, Wonderwall Music a 1968 da Electronic Sound a 1969, amma duka kiɗa ne zalla. Bai taɓa tsayawa shi kaɗai a gaban makirfo ya ɗauki nauyin faifai tun daga farko har ƙarshe da muryarsa ba. Ga waƙa jibgi, ga shakkar kai. Mutumin da aka shekara bakwai ana ce masa "bari mu gama tamu tukuna" ba ya tashi rana ɗaya ya yarda cewa muryarsa ta isa.

Katangar Spector

Shi ya sa ya nemi Phil Spector. Wannan Ba'amurke ya yi suna tun farkon shekarun 1960 a situdiyon Gold Star na Los Angeles da salon da ake kira katangar sauti. Dabarar ita ce a cika ɗaki da makaɗa, a sa mutum uku ko huɗu su buga abu iri ɗaya a lokaci ɗaya, sautin wannan ya shiga makirfon wancan, sannan a jiƙa komai da amsa-kuwwa har kunne ya kasa rarrabe fiyano da jita. A Janairun 1970 ya yi wa Lennon "Instant Karma!", wadda Harrison ya kaɗa jita a cikinta, daga nan aka damƙa masa tef ɗin faifan Beatles na Let It Be ya ƙarasa. Da Harrison ya zaunar da shi ya jiyar da shi abin da ya tara, Spector ya ce waƙoƙin ba su da iyaka, kuma kowace ta fi ta bayanta.

An fara da gwaji na kwana biyu. Ranar 26 ga Mayu Harrison ya rera waƙa goma sha biyar, Ringo Starr, mai gangar Beatles, na kan ganga, Klaus Voormann na kan jitar bes. Washegari ya sake rera wasu goma sha biyar, daga shi sai jitarsa. Daga cikin talatin ɗin nan aka tsamo waɗanda za a yi wa aiki. A riƙe zancen wannan kwana biyu, zan komo kansa.

Daga nan sai taro. Clapton ya zo da mutum uku da suka baro ayarin Delaney: Bobby Whitlock mai ogan, Carl Radle mai bes, da Jim Gordon mai ganga. Ga Ringo da Alan White, su ma masu ganga. Ga Billy Preston da Gary Wright da Gary Brooker a kan fiyano da danginsa. Ga masu busa, Bobby Keys da Jim Price. 'Yan ƙungiyar Badfinger, yaran kamfanin Apple, aka killace uku daga cikinsu a gefe da jitocin katako marasa lantarki, aikinsu kawai su yi ta shara tsirkiya tare, bugu ɗaya, ba ƙari ba ragi, na huɗunsu yana kaɗa kacau-kacau. Daga Nashville aka ɗauko Pete Drake, gwanin jitar nan da ake kwantarwa kamar tebur ana taka mata feda, domin "Behind That Locked Door" da wasu 'yan kaɗan. Zuwan nasa ya haifar da wani faifan ma, don a nan suka shirya da Ringo, ya ja shi Nashville suka yi Beaucoups of Blues cikin 'yan kwanaki. Phil McDonald ne injiniya, wani matashi John Leckie yana kula da na'urar tef. A gefe guda Harrison ya kafa ɗan wurin ibadarsa yana kunna turaren tsinke, mabiya ɗariƙar Hare Krishna suna kawo abinci marar nama.

Har yau ba wanda zai rantse maka da wa ya buga me a kowace waƙa. Ba a rubuta ba, kuma waɗanda suka halarta kowa da yadda yake tunawa. Sunan Clapton ma bai fito a bugun Ingila ba saboda yarjejeniyarsa da wani kamfanin.

Labarin da ya fi nuna irin cunkoson shi ne na Phil Collins. Yana ɗan shekara 19, bai shiga ƙungiyar Genesis da ya yi suna a cikinta ba tukuna, aka aiko mota ta ɗauke shi don ya buga dogayen gangunan hannu da ake kira konga a "Art of Dying". Yaro ya ga Ringo, ya ga Harrison, ya zage yana duka iya ƙarfinsa. Spector kuwa al'adarsa ce ya yi ta maimaita waƙa, yana sauraron wannan rukuni, ya koma wancan. Sai da tafin hannun Collins ya yi bororo sannan ya ji murya daga ɗakin injiniyoyi tana cewa to yanzu mai konga ya shigo. Ashe duk wahalar nan makirfonsa a kashe yake. Da faifai ya fito ya saya da ɗoki, ya duba bai ga sunansa ba, ya saurara bai ji gangarsa ba. Bayan shekaru da yawa Harrison ya aika masa da tef, wai ga ɗaukar da ya yi. Collins ya kunna ya ji wani irin kiɗan konga na abin kunya, a ƙarshe kuma ga muryar Harrison yana cewa a sake, amma ban da mai konga. Sai daga baya Harrison ya fasa ƙwai: shi ya sa makaɗi Ray Cooper ya ɓata bugun da gangan don ya tsokane shi.

Yanzu ga inda matsalar take, kuma sai an ɗan yi haƙuri da bayanin na'ura. Wanda ya saba da situdiyon yau, irin waɗanda ke Kano ko Kaduna, inda mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta zai jera layin sauti ko nawa yake so, ya cire wannan ya mayar da wancan, zai yi wuya ya gane ƙuncin 1970. Na'urar Abbey Road layi takwas gare ta. Makaɗa kuwa wani lokaci sun haura goma, ga makirfo da yawa a kan gangunan kaɗai. Dole tun a lokacin ɗauka a cusa kayan kiɗa da dama a layi ɗaya, kuma da zarar sun shiga sun zama abu guda.

Amsa-kuwwar ma ba ta maɓalli ba ce. A Abbey Road akwai ɗakuna na musamman, bangonsu mai santsi da tauri, ba kowa a ciki sai lasifika a gefe ɗaya da makirfo a ɗaya gefen. A tura sauti ciki, ya yi ta karo da bango, makirfo ya kwaso shi ya dawo da shi. Yawancin masu haɗa sauti sukan ɗauki kiɗa a bushe, sai a ƙarshe su zuba amsa-kuwwa daidai yadda suke so, in ta yi yawa su rage. Spector ba haka yake yi ba. Yana son ya ji katangarsa a tsaye tun a ranar, don haka da yawa daga cikin amsa-kuwwar tare da kiɗan ta hau tef. Gishiri ne ya narke a miya. Kana iya ƙara ruwa, amma ba ka iya tsame shi.

Ba zan ce Spector ya yi ɓarna ba. A saurari "Isn't It a Pity" ta farko, mai minti bakwai da 'yan kai. Tana farawa da fiyano da jitocin katako a hankali, kaya na ta hawa bisa kaya, har ƙarshenta ya zama kamar hadari ya haɗo gabas da yamma. Ba don shi ba da ba a samu wannan ba. "What Is Life" da "Awaiting on You All" ma hayaniyar ta karɓe su. Amma a "Wah-Wah" da "Let It Down" sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci mai waƙar a tsakiyar taron. Ni a ganina Harrison ya ji hakan tun ranar farko, abin da ya sa ya yamutsa fuska ke nan, amma katangar ta yi masa rana ta wani ɓangaren. Mai jin kunyar muryarsa ya samu inda zai laɓe.

A tsakiyar wannan aiki ne Clapton da mutanensa uku suka zama ƙungiyar Derek and the Dominos. Sun yi wasansu na farko a Lyceum na Landan ranar 14 ga Yuni, kuma ladan taya Harrison aiki shi ne Spector ya ɗaukar musu waƙa biyu, abin da aka yi bayan kwana huɗu. Wani abin da ba a faɗa a ɗakin shi ne Clapton ya kamu da son matar Harrison, Pattie Boyd. Kafin kaka ta wuce ya tafi Miami ya zuba wannan ciwo a faifan Layla, sunan da ya aro daga tsohon labarin Laila da Majnun.

Bayan taro ya watse

A watan Yuni abubuwa suka fara kwancewa. Spector na shan barasa fiye da kima, wata rana ya zo, wata rana a yi ta jira. Harrison ya ce shi da ya ɗauko mutum don ya rage masa nauyi, sai ga shi yana aikin mutum biyu, har da lallashin wanda ya ɗauko. Ƙarshenta Spector ya faɗi a situdiyon Apple ya karya hannu, ya tattara ya koma Los Angeles. A daidai lokacin mahaifiyar Harrison, Louise, tana kwance da ciwon daji a arewacin Ingila. Ya riƙa barin situdiyo yana kama hanya don ya zauna a gefenta. Ta rasu ranar 7 ga Yuli. Aiki ya tsaya, kuɗi na ta tafiya, EMI ta fara ƙorafi.

Da ya dawo, ɗakin da ya cika da mutane a watan Mayu ya zama wayam. Ya yi wa waƙoƙin haɗin wucin gadi ya aika wa Spector. Amsar ta zo a wasiƙa mai kwanan wata 19 ga Agusta, inda Spector ya bi waƙoƙi goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da ya rage: nan a sa goge, nan a ƙara busa, nan a sake rerawa. Ya ba da shawarar a koma situdiyon Trident da ke unguwar Soho, inda ake da na'ura mai layi goma sha shida. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne murya. Ya ce Harrison ya ba rerawa lokacinta, kuma a ɗaga muryar ta fito gaba, don ba za a gane darajar waƙoƙin ba sai an ji mai su. Duk lokacin da na tuna wannan sai in yi murmushi. Magini ya gama katanga, ya koma gefe, yana kira ga mai gida ya fito a gan shi.

A Trident aka kwashe layi takwas na Abbey Road aka zuba a sabon tef, aka samu ƙarin layi takwas a buɗe. A nan ne Harrison ya zauna da injiniya Ken Scott, wanda ya sani tun zamanin Beatles, kuma wanda daga baya ya yi aiki da David Bowie. John Barham ya rubuta wa masu goge abin da za su bi. Sauran aikin kusan duka na mutum biyu ne a ɗaki, dare bayan dare.

Aiki na farko amshi. A bayan faifan an rubuta cewa wasu "George O'Hara-Smith Singers" ne 'yan amshi. Babu wasu mawaƙa masu wannan suna. In ka cire wurare kaɗan da Clapton da Whitlock suka sa baki, Harrison ne kaɗai. Zai rera layi, ya koma ya rera wani a kansa, ya sake, ya sake. In layukan tef suka cika, Scott ya tattara su ya juye a layi ɗaya, a samu wuri a ci gaba. Kowace juyewa ba ta da gyara, in ka yi kuskure a ta uku, sai ka rushe har ta goma. Amshin "My Sweet Lord", wanda ke farawa da "Halleluya" ta coci ya gangara zuwa kiran Hare Krishna na addinin Hindu da Harrison ya karkata gare shi, kana ji ka ce jama'a ce ta cika ɗaki. Mutum ɗaya ne ke bayarwa, shi ne kuma ke amsa wa kansa.

Aiki na biyu shi ne wanda ya sa nake ganin faifan ya cancanci a kira shi na makaɗin jita. Masu silaid kafin shi, tun daga bakaƙen fatar kudancin Amurka da suka fara da wuyan kwalba, suna amfani da shi ne don kuka da ƙara da gurnani. Harrison ya bi wata hanya. Ya shafe shekaru yana koyon sitar, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Indiya, a hannun gwani Ravi Shankar, kunnensa ya saba da yadda makaɗan Indiya ke zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da tsalle ba. Sai ya mayar da silaid abin rera waƙa: layi gajere, tsaf, ba gaggawa, ba nuna bajinta. Sannan ya ɗauki layi na biyu a kan na farko, sama da shi kaɗan, su riƙa tafiya tare kamar tagwaye. Jitar katako ba ta yafe kuskure, amma silaid ya fi ta rashin yafiya, domin babu ƙarfen da zai tsayar maka da yatsa a daidai wurin. Ka gota da faɗin gashi, sauti ya karkace. A ce kuma layi biyu ne za su dace da juna, to sai mai haƙurin saƙa. Abin da ake ji ke nan a buɗewar "My Sweet Lord", 'yan daƙiƙu kaɗan da ko a kasuwa aka kunna za ka san waye. Wata takwas ko tara kafin nan bai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa shi ne tambarinsa.

Akwai waƙoƙin da katangar ba ta taɓa su sosai ba, kuma su na fi komawa. "Apple Scruffs" kusan shi kaɗai ne, da jitar katako da hamonika, ya yi ta ne don 'yan matan nan masoya Beatles da ke kwana a bakin ƙofar situdiyo ko ana ruwa ko ana sanyi, har ya kira su ciki suka saurara. "Run of the Mill" magana ce ta ɓacin rai ga tsofaffin abokai, cikin sanyin murya. "If Not for You" ta Dylan ce, wadda suka gwada tare a New York ranar 1 ga Mayu.

Spector ya dawo a watan Oktoba aka yi haɗin ƙarshe, daga nan suka wuce New York aka kammala.

Akwati mai faifai uku

Faifan ya fita ranar 27 ga Nuwamban 1970 a Amurka, 30 ga wata a Ingila, faifan garmaho uku a cikin akwatin kwali. Biyu na ɗauke da waƙoƙi goma sha takwas. Na ukun, Apple Jam, yawancinsa kiɗan sha-ka-tafi ne da makaɗan suka yi tsakanin aiki, har da 'yar waƙar taya Lennon murnar cika shekara 30. Gaskiya ba kowa ke juya wannan na ukun sau biyu ba. Hoton bangon Barry Feinstein ne ya ɗauka: Harrison zaune a kan kujera a filin Friar Park, da manyan takalman roba, gumakan wadanni huɗu na ado a yashe kewaye da shi. Mutane ba su ɓata lokaci ba wajen cewa Beatles huɗu ke nan.

Kasuwa ta karɓa fiye da zaton kowa. Faifan ya yi mako bakwai a saman jadawalin cinikin faya-fayai na Billboard a Amurka, "My Sweet Lord" kuma ta zama waƙar farko ta wani tsohon ɗan Beatles da ta hau lamba ɗaya a Amurka da Ingila. Ɗan auta ya riga yayyensa.

Daɗin bai daɗe ba. A Fabrairun 1971 kamfanin Bright Tunes ya kai ƙara cewa karin "My Sweet Lord" na waƙar "He's So Fine" ne, wadda Ronnie Mack ya rubuta, 'yan matan Chiffons suka yi tashe da ita a 1963. A 1976 alƙali Richard Owen na New York ya yanke cewa Harrison ya kwaikwaya, amma ba da saninsa ba. Aka fara maganar diyyar kusan dala miliyan 1.6. Sai Allen Klein, tsohon manajan Harrison wanda a da yake tsaya masa a shari'ar, ya zagaya ya sayi Bright Tunes ɗin. Kotu ta ga wannan cin amana ne, a 1981 ta ce Harrison ya biya dala 587,000, daidai abin da Klein ya kashe, "He's So Fine" ta zama tasa. Tambayar da ke damuna ita ce, a ɗakin da ya cika da ƙwararru, ga kuma Spector wanda waƙoƙin 'yan mata na farkon shekarun 1960 su ne gonarsa, a ce ba wanda ya ɗaga hannu ya ce wannan karin ya yi kama da wani?

A Janairun 2001 Harrison ya sake fitar da faifan, Ken Scott na taya shi. A 'yar takardar da ya rubuta a ciki ya ce har yanzu yana son waƙoƙin, amma da ƙyar ya hana kansa sake haɗa su duka, don yana jin wasunsu na neman a 'yanta su daga wannan babban kiɗa da ya dace da wancan zamani. Bai yi ba. Ya rasu ranar 29 ga Nuwamban wannan shekara yana da shekara 58. Spector kuma ya mutu a Janairun 2021 yana zaman kaso kan kisan 'yar fim Lana Clarkson.

A wannan shekarar ta 2021 ɗan Harrison, Dhani, da injiniya Paul Hicks suka koma kan tef na asali don bugun cika shekara hamsin. Suka ɗaga murya, suka fito da ganga da bes, suka share abin da zai sharu. Inda amsa-kuwwar ta hau tef tare da kiɗa kuwa, duk na'urorin zamani ba su raba su ba, "Wah-Wah" tana nan da kogonta. Masu saurare suka rabu biyu, wasu na cewa yanzu ne suka ji Harrison, wasu na cewa an rushe musu gidan da suka girma a ciki.

A cikin babban akwatin wannan bugu aka sa gwajin nan na kwana biyu, duka talatin. A na ranar 27 ga Mayu akwai "Beware of Darkness" da "Run of the Mill" da "Let It Down", ba ganga, ba goge, ba 'yan amshi. Wasu baitocin ma bai gama rubuta su ba. Muryar siririya ce, takan ɗan yi rawa in ta hau sama, kana jin ƙarar yatsunsa a kan tsirkiya, yana gama wannan ya faɗi sunan ta gaba, Spector na sauraro ta bayan gilashi.